Dutse Gadawur da Namun Dajinsa

Wata rana da la'asar wani tsoho yana zaune a gindin dabino a Garu, sai jikansa ya zo ya durƙusa, ya ce, "Kaka, don me ake ce wa garin nan Dutse Gadawur?"

Tsohon ya ce, "Mutanen dā sun ce wani maharbi ne, Duna Magu, ya fara sauka a nan. Ya tarar da wurin cike da gada, shi ya sa aka yi masa wannan laƙabi."

Yaro ya ce, "To, Kaka, ina gadar take?"

Tsoho ya yi shiru, don ba shi da wadda zai nuna masa.

Dalili kuwa ba ɓoyayye ba ne. Tun 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa aka mai da Dutse babban birninta, gari yake ta faɗi. A 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya, jama'a suka ƙaru. Inda dā saura ce da kurmi, yau gidaje ne da ofisoshi. Wannan arziki ne, ba mai musu. Amma naman daji ba ya zama inda ba mafaka.

Mafakar da ta rage ita ce duwatsun nan da ke tsaye cikin gari. Irinsu ne mazaunin rema da kazar dutse, da damo, da kurege, da bushiya. Cikin kogunansu suke haihuwa, itatuwan da ke tsakankaninsu ke ci da su. In aka sare icen don girki, aka cinna wa ciyawa wuta don farautar gafiya, aka farfasa dutsen don gini, ina za su nufa?

A zamanin En'e akan keɓe gandun daji, a sa malaman daji su tsare shi. Har yau akwai irin wannan a Baturiya, wajen Haɗeja, inda tsuntsaye ke zuwa daga Turai da hunturu. Ashe ba zai gagara ba a keɓe ko da dutse ɗaya a cikin Dutse, a hana sara da harbi da wuta a kansa.

Jama'a, gani ya kori ji. Yaron nan labarin gada kaɗai ya gāda. Kada a bari nasa jikan ya tambayi yadda rema take, a rasa abin nuna masa. Allah ya sa mu gane, amin.