Shaidun Tsohon Keke

A wata safiyar Lahadi, a wata kasuwar gwanjo da ke ci a bayan garin Nottingham, irin wadda kowa ke buɗe bayan motarsa ya baje tarkacen gidansa, wani malamin jami'a ɗan Zariya ya tsaya cak a gaban wani tsohon keke da aka jingine da shinge. Tayoyinsa sun tsattsage, kacarsa ta daskare da tsatsa, koren fentinsa ya dusashe har ya koma launin gansakuka. Abin da ya tsayar da shi ɗan tambarin da ke goshin keken ne: kan zalɓe mai dogon baki, da sunan Raleigh a jikinsa. Rabonsa da ya shafa wannan tambari tun yana ɗan shekara 15.

Mai keken, wani Bature mai furfura, ya ce na surukinsa ne da ya rasu, kuma tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu aka saye shi. Fam 40 ya sa masa. Malamin bai nemi ragi ba. Ya biya, ya turo keken har gida a ƙafa.

Mahaifinsa malamin firamare ne, kuma da bashin keke da ake cirewa daga albashi ya sayi nasa Ralin: baƙi wuluk, mai birkin sanda, mai rufaffiyar kaca, da siraran layukan ruwan zinare a gangar jikinsa. A wancan zamani Najeriya tana cikin manyan kasuwannin kamfanin, har aka kafa masana'antarsa a Kano. Bayan rasuwar mahaifin, keken ya koma hannun ɗan. Kunyar tsufansa ta sa yaron ya tara kuɗi ya kai shi wurin mai fentin babura, aka kankare shi aka fesa masa shuɗi. Layukan zinaren suka tafi, lambobin lasin da mahaifin ke ɗaurawa shekara-shekara aka zubar da su. Ba a yi shekara biyu ba shuɗin ya ɓare, keken ya zama abin da ba mai so, wata rana aka auna shi a sikelin ƴan gwangwan.

Duk da haka, abin da ya fara zuwa ran malamin game da sabon tsohon kekensa shi ne fenti. Ya kai shi wata rumfar gyaran kekuna ta unguwa, inda wasu ƴan fansho ke taimaka wa jama'a ranar Asabar, ya tambayi inda ake kankare ƙarfe da yashi. Wani tsoho da ya yi ƙuruciyarsa a masana'antar Raleigh ya zagaya keken sau biyu bai ce uffan ba, sannan ya ce: «Fenti ba ya guduwa, ko baɗi za ka same shi. Amma abin da ka kankare yau ya tafi ke nan. Fara karanta shi tukuna.»

Karatun ya fara da tambayar wane irin keke ne. Ralin da aka sani a ƙasar Hausa keken aiki ne, mai ƙafa inci 28, an yi shi domin ɗaukar buhu da jure gargada. Wannan kuwa ɗan'uwansa ne na wani gida. Tun 1878 Ingila ke da ƙungiyar masu yawon buɗe ido a kan keke, wadda a da aka fi sani da CTC, kuma daga shekarun 1930 zuwa na 1950 ma'aikatan masana'antu kan fita ƙarshen mako ayari-ayari, su yi tafiyar mil 60 ko 80, su kwana a masaukin matasa. Kekensu yana da alamominsa: kai mai lanƙwasa ƙasa, siraran tayoyi, marufan taya marasa nauyi, ƙugiyoyi biyu na maƙala famfo, da ƴan kunnuwa biyu a bayan sirdi inda ake rataya jakar guzuri. Duk waɗannan suna jikin keken malamin. Da tsohon ya jiƙa tsumma ya shafa gangar a hankali, sai inuwar wasu haruffa ta bayyana: Lenton Sports. Lenton sunan unguwar da masana'antar take a da ne, kuma a kan wani ɓangare na tsohon filinta Jami'ar Nottingham ta gina harabarta ta Jubilee, wadda aka buɗe a 1999. Wato malamin ya shekara uku yana koyarwa a inda aka haifi kekensa.

Nan take maganar mai sayarwa ta faɗi, domin sai bayan yaƙi, a ƙarshen shekarun 1940, aka fara fitar da wannan samfuri. Ba lallai ne Baturen ya yi ƙarya ba. Labarin gida yakan tsufar da kaya, kamar yadda kowace tsohuwar tasa a ɗakin kaka ake cewa daga Makka aka zo da ita a ƙafa.

Sanin shekarar keke yana kama da zaman alƙali da shaidu. Kowane sashe yana da abin faɗa, amma ba kowanne ne ya halarci haihuwar ba. Shaidar da ta fi kowacce fayyace magana ita ce cibiyar ƙafar baya. Kamfanin Sturmey-Archer, wanda ke ƙera giya mai ɓoye cikin cibiya tun 1902, yakan buga shekara da wata a jikin ƙarfen. Da aka goge baƙin mai, sai ga haruffan AW, sunan giyar nan mai hawa uku da aka fara yi a 1936, a gefensu kuma 53 da 6: watan Yuni, 1953. Sai dai ƙafar keke aba ce da ake sauyawa, saboda haka cibiya tana faɗin shekarar kanta ne kawai, sai an sami mai mara mata baya.

Shaida ta biyu lambar gangar ce, wadda aka buga a mahaɗar da sandar sirdi ke shiga. Ita ce shaidar da ba ta rabuwa da keken, amma bakinta a nauyaye yake. Daga tsakiyar shekarun 1970 ne Raleigh ya daidaita tsarin da harafin farko ke nuna masana'anta, N ga Nottingham, W ga Worksop, alƙalamin farko kuma ya nuna shekara. Lambobin da suka gabaci wannan sai an gwada su da jadawalin da masu sha'awar tsofaffin kekuna suka harhaɗa, wanda ke ba da tazarar shekara ɗaya ko biyu. Lambar wannan keke ta faɗa farkon shekarun 1950, ta yi daidai da cibiya.

Sauran shaidun kowa da nasa labarin. Kekunan Ingila na wancan lokaci wayoyi 40 suke da su a ƙafar baya, 32 a ta gaba, saboda baya ce ke ɗaukar nauyi. Malamin ya ƙirga: 40 a baya, 36 a gaba. Ashe ƙafar gaban baƙuwa ce. Sirdin fata ne na kamfanin Brooks, kuma a ƙarfen da ke ƙarƙashinsa an buga 68, wato shekara 15 bayan cibiyar. A sandar da ke ƙarƙashin sirdi akwai ragowar wata ƴar takarda da ba a iya karanta komai a kanta sai 531. Wannan lambar wani ƙarfe ne mai haɗin manganis da molibdinam da kamfanin Reynolds na Birmingham ya fito da shi a 1935, mai ƙarfin da ke ba da dama a sirantar da bangon bututu, keke ya yi sauƙi ba tare da ya yi rauni ba. Shi ya sa malamin ke iya ɗaga wannan da hannu ɗaya, alhali na mahaifinsa sai an yi nishi.

Hukuncin da aka yanke shi ne keken na 1953 ne ko farkon 1954, an sauya masa ƙafar gaba, an sake masa sirdi bayan na farkon ya ƙare. Amma akwai shaidun da ba su da lamba. A bayan sirdi, a kan marufin taya, fenti ya goge har ƙarfe ya yi santsi, daidai inda jaka ke gogawa. A can ƙasa kuma akwai ɗan tambarin ƙafar keke mai fukafukai, alamar CTC. A sandar sama fentin gefen dama ya fi na hagu cinyewa, alamar mutumin da kullum gefe ɗaya yake jingine kekensa. Malamin bai san sunan marigayin ba, amma ya san cewa mutum ne da ya yi tafiya mai nisa da kaya a baya, ya ƙarar da sirdin fata guda, abin da ba a yi sai da dubban mil, kuma bai yar da kekensa ba lokacin da maƙwabta ke komawa mota. Injin yashi zai share wannan duka cikin minti 20.

Nan ne masu wannan sha'awa suka rabu gida biyu. Wasu suna mayar da keke sabo fil, da sabon fenti da sababbin tambura da ake bugawa yanzu. Wasu kuma suna ganin fentin asali sau ɗaya ake samunsa, saboda haka a tsayar da lalacewa, a gyara abin da tafiya ke bukata, a bar sauran. Kowane ɓangare yana da hujja, domin idan tsatsa ta ci ƙarfe har tana neman huda shi, ko an riga an yi wa keken wani fentin a baya, babu abin da ya rage da za a adana. Abin da ke raba gardama shi ne lafiyar gangar. Tsohon ya zare sandar sirdi ya haska cikin bututun da tocila. Ya shafa ƙarƙashin sandar da ke gangarowa daga wuyan keken, inda karo ke barin ƙullutu. Ya ɗaura zare daga gatarin baya, ya zagayo da shi ta wuya ya mayar ɗaya gefen, ya auna ko tazarar ta yi daidai. Gangar lafiya lau take, tsatsar ta fata ce.

Aikin ya ci watanni huɗu na ranakun Asabar. An wanke gangar da kananzir da tsumma mai laushi, aka shafa mata kakin goge mota, sai koren ya farfaɗo da wani duhu mai zurfi da ba a samu a gwangwanin fenti. Ƙarafa masu ƙyalli an goge su da takardar alminiyam da aka jiƙa da ruwa. Cibiyar giya, wadda malamin ya fi tsoro, ita ta fi sauƙi: tana da ɗan bakin zuba mai, kuma da aka wanke ta aka ɗiga mata mai marar kauri, sai ta koma ƙas-ƙas ɗinta kamar agogo. Abin kula a gare ta shi ne saitin wayarta, domin tsakanin giya ta biyu da ta uku akwai gurbin da feda ke juyawa a banza, kuma wanda ya miƙe tsaye yana taka tudu ya faɗa wannan gurbi zai sha ƙasa. Sirdin kuwa an shafa masa man fata kaɗan-kaɗan, ba a jiƙa shi ba, ba a kuma ɗaure notinsa da ƙarfi ba, don busasshiyar fata tana yagewa a bakin ƙusoshi.

Kurakurai ma an yi. Malamin ya sayo tayoyi masu rubutun inci 26 suka ƙi shiga, sai a lokacin ya koyi cewa inci 26 suna ne da ƙafafu dabam-dabam ke amsawa: nasa 26 x 1¼ faɗinsa milimita 597, na kekunan gari 26 x 1⅜ milimita 590, na kekunan hawan dutse 559. Ya kuma kusa lalata mazaunin feda da wani sabon murfi, domin zaren Raleigh na wancan zamani 26 ne a kowane inci, na sauran kamfanonin Ingila 24. Murfin yakan shiga zagaye biyu lami lafiya sannan ya cije, mai gaggawa kuma sai ya ƙara ƙarfin sifana ya kashe gangar da ta rayu shekara 70. Tsohon ne ya riƙe masa hannu.

A kan abin da ya shafi rai ba a yi jayayya ba. Tayoyi, tiyub, robobin birki, wayoyin birki, boris, kaca, da ƙusoshin da ke riƙe hannuwan feda, duk an sa sababbi. Tsofaffin an zuba su a kwali an rubuta kwanan wata, domin wanda zai gaji keken ya san abin da aka taɓa. Baƙuwar ƙafar gaba da sirdin 1968 an bar su a inda suke, tunda su ma marigayin ne ya sa su. Abu ɗaya da gyara bai magance ba shi ne birki a kan gargaren ƙarfe idan ya jiƙe, wanda sai ƙafa ta yi ƴan zagaye kafin ya kama. A ƙasar da ruwa ba shi da damina, malamin ya koyi fara taka birki tun daga nesa.

Ranar da ya fara hawansa, ya bi gefen kogin Trent har ya gaji, ya zauna a kan wani benci ya kira ƙanin mahaifinsa a Zariya ta bidiyo, ya juya masa wayar ya ga zalɓen.

«Ikon Allah! Rali ne wannan, ɗana. Amma ai duk ya ƙoƙe. Ba za ka yi masa fenti ba?»

«A'a, Baffa. Haka zan bar shi.»

Baffan ya yi dariya, ya ce Turai ta koya masa rowa. Sai malamin ya yi tambayar da ta daɗe tana cinsa: a wace shekara Malam ya sayi nasa? Baffan ya ce shekarar Udoji ce, ba ko shakka. Daga cikin gida aka jiyo muryar mahaifiyar malamin tana cewa a'a, da fam da sule aka fara biyan bashin, tun kafin naira ta zo a 1973. Suka yi ta ja, kowa na kawo wanda aka haifa da wanda aka aurar a shekarar. Malamin ya saurare su bai sa baki ba, babban yatsansa a kan lambar da ke ƙarƙashin sirdi.