Yadda Ɗaki Ya Kusa Sa Na Yi wa Dattijo Ƙage

A shekarata ta biyu ina koyar da Hausa a Jami'ar Sabha, na ɗauki muryar wani dattijo mazaunin unguwar Gurda. Kakanninsa sun zo Fezzan daga ƙasar Kano ta hanyar Agadas da Ghat, shi kuwa a nan aka haife shi, Larabci ne harshensa na kasuwa da masallaci. Mun yi hira ta kusan awa uku. Bayan watanni kaɗan Allah Ya yi masa rasuwa, faifan nan ya zama shi kaɗai ne abin da ya rage mini na Hausarsa.

A gida nake sauraron faifan tare da ɗalibaina biyu, a marbu'a, wato ɗakin baƙi irin na mutanen Libiya. Ɗakin mita 4 ne a faɗi, mita 5 a tsawo, ƙasansa tayil, bangonsa siminti tsirara. Lasifikokin biyu na ɗora su a kan kabad, kowace a kusurwarta, don kada yara su taɓa. Mako uku muna sauraro, na fara rubuta cewa karin sauti ya raunana a bakin dattijon, kuma tsawon wasali ya dagule. Ban iya rarrabe kukan da ake yi da hawaye da kukar da ake miya da ita ba a furucinsa, haka nan garin da ake zama da garin da ake tuƙawa. Na ɗora wa Larabci laifin, har na tsara maƙala a kan haka.

Wata rana ɗaya daga cikin ɗaliban ya saurari faifan a wayarsa, cikin mota. Da muka haɗu sai ya ce, "Malam, a gafarce ni, ni fa na ji tsohon nan yana rarrabewa sarai." Na ji nauyin maganar, amma na karɓi wayar na kara a kunne. Gaskiyarsa ce. Ashe ɗakina ne ya ɓata Hausar.

Dalilin a fili yake ga wanda ya bincika. Lasifikar da ke kusurwa tana samun bango biyu suna ƙara mata kauri, sai murya ta riƙa gunji. Tayil da siminti kuma suna mayar da amo, sai wutsiyar gajeren wasali ta ja har ya yi kama da dogo, baƙi na gaba ya nutse a ciki. Haɗiyau irin su ɓ da ɗ, da tunkuɗau irin su ƙ da ts, su ma sukan dushe a irin wannan amsa-kuwwa.

Na sauko da lasifikokin na ɗora su a kan kujeru biyu, yadda ƙaramin bakin kowace zai daidaita da kunnen mai zaune. Na bar mita 2 a tsakaninsu, na sa mazaunina mita 2 daga kowace, na ɗan karkato da fuskokinsu gare ni. Tazarar bangon baya ce ta fi ba ni aiki. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, kuma amon da ya bugi bango ya dawo yakan kashe wani yanki na sautin asali. Idan tazarar santimita 60 ce, yankin da ke mutuwa yana wajen bugu 143 a daƙiƙa, daidai inda muryar namiji take hawa da sauka. Saboda haka na janyo su fiye da mita ɗaya daga bangon. Daga nan na zauna, ɗalibi ya riƙa jan madubi a jikin bangon gefe. Duk inda na hango lasifika a madubin, nan amo yake fara karyowa zuwa kunnena, nan muka jingina katifa. Uwargida ta ara mana babbar darduma da labule mai kauri, bisa sharaɗin a mayar da komai idan baƙi za su zo.

Da muka sake kunna faifan, sai ga dattijo kamar yana zaune a gabanmu. Karin sama da na ƙasa da faɗau duk suna nan inda Bargery ya nuna su a ƙamusunsa na 1934. Abin da Larabci ya taɓa shi ne kalmomin ciniki da na lissafi. Na yage maƙalar, na fara wata.

Har yau ina tunanin abin da zai faru da ta fita. Da an yi ta ambatonta a matsayin hujja a kan Hausar Fezzan, mutumin da zai ƙaryata ni kuwa yana kabari. Ɗalibin tsarin sauti da zai yanke hukunci a kan furucin wani, ya fara sauraron muryar da ya sani sarai a wannan ɗakin, ta mahaifiyarsa ko ta malaminsa. In ta sauya masa, to ya tashi ya gyara ɗakin tukuna.