Daga Tsibiri zuwa Gidan Rumji: ziyara wurin wani pasto na karkara

Wanda duk ya fita Maraɗi da hantsi ya kama hanyar Madawa da Ƙonni, ba zai yi nisa ba sai ya iske Tsibiri, mazaunin Sarkin Gobir, garin da Gobirawa suka kafa a wajen 1836 bayan yaƙin Gawakuke. Kowa ya san fadar, kowa ya ji labarin Inna da sarautarta. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, a wannan gari na cikin gundumar Gidan Rumji akwai ɗaya daga cikin tsofaffin al'ummomin Kirista na ƙasarmu. Su ne muka fito nema, mu ga yadda limamansu, waɗanda ake ce wa pasto, suke zaune, da kuma wanda ke tallafa masu.

Turawan mishan na ƙungiyar SIM sun sauka Damagaram a 1924, kafin 1930 kuma sun kafa zango a Tsibiri. Daga baya aka buɗe asibitin Galmi a 1950, sannan gidan jinyar kutare na Ɗanja a kudu da Maraɗi. Da Hausa suka yi wa'azi, da Hausa suka koyar da karatu, domin tun 1932 an fassara Littafi Mai Tsarki dukansa cikin harshen. Wannan ya sa addinin ya shiga bakin mutane da kalmomin gida. Amma akwai inda takalmin ya matsa: mishan ta daɗe tana jan ƙafa wajen buɗe lakwal ta Faransanci, alhali Faransanci ne mabuɗin aikin gwamnati. Masu bi na farko sun iya karatu, amma ba su iya rubuta wa kwamanda takarda ba. Tsofaffi ba su manta da wannan ba. Ikilisiyar EERN, wadda ta tsaya da ƙafarta a lokacin samun ƴancin kai, ta gaji wannan giɓi, kuma makarantar kwana ta Tsibiri tana cikin abubuwan da aka yi don a cike shi. A wajen 1990 rigingimun shugabanci sun raba ikilisiyar, har aka sami UEEPN da ta Salama.

Daga Tsibiri muka ci gaba. Gidan Rumji tana wajen kilomita 50 daga Maraɗi, gari ne na bakin kwalta, mai tasha da ƴan tireda da ofisoshin gunduma, fadamar Gulbin Maraɗi kuma ba ta da nisa. Ba mu daɗe ba. Muka hau babur muka bi turbar rairayi zuwa wani ƙauye inda aka ce mana akwai majami'a.

Da muka isa, sai muka ga ɗaki ne na laka mai rufin kwano, da bencina da ba su kai goma ba, da tsohon ƙarfen ƙafar mota rataye a ice a madadin ƙararrawa. Paston ba ya nan. Uwargidansa ta kawo mana ruwa da fura, ta aiki yaro ya kira shi daga gona. Ya zo da hauya a kafaɗa, dattijo ne mai furfura, muka ce: "Baba Pasto, sannu da aiki." Ya amsa, ya tambayi gajiyarmu da mutanen gida, sannan aka shimfiɗa tabarma a gindin gawo.

A nan ne muka fahimci abin da ba a gani daga Yamai. Paston karkara manomi ne kafin komi. Baikon ranar Lahadi ƴan daloli ne da tiyar hatsi, kuma masu kawo shi talakawa ne kamarsa. In damina ta yi gardama, shi da garkensa yunwa ɗaya suke sha, samari su tafi cin rani, majami'a ta koma ta mata da tsofaffi. Zumuntar mata ce ke riƙe da ita a irin wannan lokaci, da waƙoƙinsu da adashinsu. Ya gaya mana cewa ya yi karatunsa a makarantar Littafi Mai Tsarki ta Agye, can gabas da Maraɗi a hanyar Gazawa da Tasawa, inda ake horar da pastoci da masu bishara. Abin da ke damunsa shi ne, bayan mutum ya fito, sai a bar shi da littafin da ya fito da shi. Taron ƙara ilimi yana wuya, kuɗin mota ma aiki ne. Ga matsalolin yau kuma ba irin na jiya ba: rikicin gona, gadon mace mai takaba, yarinyar da aka fidda daga lakwal, saurayin da ya faɗa shan ƙwaya. Duka a ƙofarsa ake kawo su.

Da na ɗaga kai na dubi itatuwan da ke tsaye cikin gonaki, sai na tuna cewa wannan ma yana da alaƙa da mishan. A 1983 wani ma'aikacin SIM ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da manoma ke sarewa kowace shekara suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, kuma in aka bar ƴan rassa aka gyara su, sai su zama itace. Yunwar 1984 ta sa aka haɗa aikin da rabon cimaka, dabarar ta bazu, aka sa mata suna sassaben zamani. An ƙiyasta cewa ta farfaɗo da hekta miliyan 5 a Nijar, ƙauyen Ɗan Saga na gundumar Agye kuma ya yi suna a kanta. Mafi yawan waɗanda suka amfana Musulmi ne, ba wanda ya tambayi addinin kowa kafin ya sha inuwa. A ganina, ba a taɓa yin aikin da ya sayo wa Kiristocin jahar Maraɗi mutunci kamar wannan ba.

Sai dai zaman ba kullum yake da daɗi ba. Kiristoci ba su kai ɗaya bisa ɗari na ƴan ƙasa ba. A Nuwamba 2000 an kai hari a gidan mishan da wata majami'a a Maraɗi lokacin tarzomar bikin FIMA. A Janairu 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, a Yuni 2019 kuma an sake ƙone wata a Maraɗi. Bayan gobarar 2015 taimako ya zo daga waje, aka sake tada gine-gine da yawa, kuma abin godiya ne. Amma na lura hannu ya fi saurin buɗewa in bango za a gina, domin bango yana shiga hoto. Kuɗin karatun ɗan pasto, ko rumbun tsimi, ko sati guda na horo a kan dokar gona, ba su cika samun mai biya ba.

Ga kuma wata sabuwar masifa. Tun 2019 dubban mutane suka tsero daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina saboda ƴan bindiga, suka shigo wannan gunduma, aka zaunar da wasu a Ɗan Daji Makau da Garin Kaka da Cadakori. Satar shanu da satar mutane sun tsallako iyaka tare da su. Paston ya ce a shekarar da baƙin suka zo, shi da liman da maigari suka zauna a kan tabarma ɗaya suka raba wa kowane gida nauyin da zai ɗauka. Bai faɗi wannan da alfahari ba, ya faɗe shi ne kamar mai ba da labarin shuka.

Na tambaye shi abin da zai roƙa in da magabatan ikilisiya na gabansa. Ya yi shiru, sannan ya ce yana son a riƙa zuwa ana duba su, ko sau ɗaya a shekara, a kwana, a ci tuwon gidan, a ji abin da ke ciki. Ya ƙara da cewa yana son a aiko masa matashi mai Faransanci wanda zai gaje shi, wanda zai iya shiga ofis ya tsaya wa talaka.

La'asar ta yi sanyi, mai babur ya ce mu tashi, domin yanzu ba a son dare ya iske mutum a wannan turba. Uwargida ta ƙulla mana gyaɗa a leda. Baba Pasto ya raka mu har bakin rijiya, ya ce mu gaida mutanen Maraɗi, sannan ya saɓa hauyarsa ya koma gona, don akwai sauran kunya biyu da bai ida ba.