Matar Koci



Idan aka tambaye ni aikin maigidana, nakan ce malamin makaranta ne, kuma gaskiya na faɗa. Ilimin motsa jiki yake koyarwa a wata sakandaren gwamnati ta maza a nan Kano. Sai dai a unguwarmu babu mai ce masa Malam, Koci ne sunansa. Ni kuwa tun da aka kawo ni na zama "matar Koci", har a bakin mai kayan miya.

Horar da ƙungiyar ƙwallon makarantar ba ya cikin abin da ake biyansa albashi a kai. Ƙari ne ya ɗora wa kansa, gidanmu kuma ya ɗauki rabin kayan. Jesi 18 nake wankewa bayan kowane wasa, da ruwan da na saya wurin mai garuwa. Lokacin hunturu sai na canza ruwa sau uku kafin jar ƙasar filin ta fita. Ranar wasa kuɗin Adaidaita Sahu, da ruwan leda, da lemon da ake yanka wa yara lokacin hutun rabin lokaci, yawanci daga kuɗin cefane suke fita. Wannan duk mai sauƙi ne. Na ma saba da dafa taliya leda uku, don ba a rasa yaro biyu ko uku da suka biyo shi gida ba su karya ba.

Abin da ke hana mu barci shi ne sojan haya. Wanda bai san harkar ba zai ɗauka gasar 'yan makaranta ta 'yan makaranta ce. Ina! Sai ka ga an sa wa ƙato rigar makaranta, an aske masa gemu da safe, alhali kowa ya san shi a garejin kanikawa ko a kulob ɗin unguwa. A gasar cin kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, wadda Najeriya ta ɗauka sau 5, a 2009 FIFA ta fara ɗaukar hoton wuyan hannun 'yan wasa da na'urar MRI, domin ƙashin wurin yakan gama haɗewa idan yaro ya girma. A matakin sakandare wa zai biya kuɗin wannan? Takardar rantsuwar shekaru kawai ake nunawa, ita kuwa abin da ka faɗa shi ake rubuta maka.

Maigidana ya ce shi ba zai yi ba. Sunan da ke cikin rijistar aji kaɗai yake sawa, yaron da ya faɗi jarrabawa ma benci yake zama ko da shi ne mai ci musu ƙwallo. To fa, a nan ake yin ta. Ana cinye su, ana yi masa dariya. Shugaban makaranta yana son kofi a ofishinsa, tsofaffin ɗalibai suna bugo waya suna cewa tsoho ne a tunani. Ni dai a kan wannan ina bayansa ɗari bisa ɗari, ko da yake ni ce ke zama da shirunsa na kwana biyu idan aka zura musu huɗu.

Bara wani daga cikin ƙattin nan ya taka wa ɗan aji huɗu ƙafa, ƙashin ya karye. Mahaifiyar yaron ba makaranta ta nufa ba, gidana ta zo. Ta tsaya a tsakar gida ta ce, "Baiwar Allah, karatu na tura ɗana, mijinki ya sa shi tamaula." Me zan ce mata? Tabarma na shimfiɗa mata. Danginsa suka ce a kai shi wurin mai ɗori, Koci ya dage sai asibitin ƙashi na Dala. Tun da shi ya dage, shi ya biya. A watan ne na kwashi adashina, wanda na yi wata goma ina zubi don in koma makaranta in ɗora a kan difilomata. Na miƙa da hannuna, ba wanda ya tilasta ni, amma har yau idan na ga ƙawayena da suka koma sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji.

Yaron ya warke, har ya dawo atisaye. Kamar sauran, shi ma Ahmed Musa yake son zama, wanda ya buga wa Kano Pillars kafin ya fita waje ya ci Ajantina ƙwallo biyu a 2014. Koci yakan ce musu a cikin dubu da wuya ɗaya ya kai can, don haka kowa ya riƙe littafinsa. Suna jin sa ko ba sa ji, Allah masani.

Bana na sake shiga adashi, kuma na faɗa masa tun ranar zubin farko cewa wannan na makaranta ne. Ya ce ya ji. Na kuma ba shi shawarar ya nemi ƙungiyar iyaye da malamai ta ware wani abu saboda yaran da ke jin rauni a fili. Ya rubuta takarda, ni na gyara masa Turancin na buga a waya. An ce za a duba a zama na gaba. Gasar kuma sati uku ya rage a fara.