Daga Saboba zuwa Larabanga

Mai zuwa Larabanga daga Saboba sai ya ratsa arewacin Ghana daga gabas zuwa yamma. Mun bar bakin kogin Oti da asuba, muka sauka Yendi, muka canza mota a Tamale, a mararrabar Fufulso muka karya zuwa Damongo. Hunturu ne, ƙura ta lulluɓe gonakin doya da itatuwan kaɗanya. Masallatan bakin hanya kusan duk na bulo da kwano ne.

Masallacin Larabanga da na je gani kuwa ƙarami ne, faɗinsa da tsawonsa kamar mita 8 kowanne. Amma yana da kwarjini. Ginshiƙai masu tsini sun tokare bangon ta waje, hasumiya biyu sun ɗara su tsawo, ɗaya a kan mihirabi ta gabas. Sanduna sun leƙo daga jikin ginin, a kansu masu yaɓe ke tsayawa. Ƙofofin gajeru ne, ko sarki sai ya sunkuya. Da na matsa kusa, na ga inda farar ƙasa ta ɓare a gindin bango: yaɓe kan yaɓe, da sawun yatsun wanda ya shafa na ƙarshe.

Mutanen garin, 'yan ƙabilar Kamara, suna cewa a 1421 wani falke mai suna Ayuba ya kafa shi bayan mafarkin da ya yi. Masana tarihi da dama sun fi karkata ga ƙarni na 17, zamanin da daular Gonja ke ƙarfi. Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne jiya-jiya. A shekarun 1970 aka shafe bangon da siminti, da niyyar kare shi daga ruwa. Simintin ya kulle danshi a ciki, gara ta cinye itacen, har guguwa ta rushe wani sashe. A 2002 World Monuments Fund ta sa shi cikin gine-ginen da ke cikin haɗari. Gyaran da ya cece shi: aka ɓamɓare simintin, aka koma wa laka.

Na tambayi wani dattijo da ke zaune a inuwar kukar da ke jikin masallacin, na ce, "Baba, wa ke yaɓen yanzu?" Ya ce, "Ɗana, masu ɗebo ƙasa suna da yawa. Masu sanin kwaɓin ne ke raguwa."

Maganarsa ta kai ni Indiya. Mu da muka tashi da finafinansu mun sha ganin wuraren bautarsu na dutse a bayan masu rawa, ba tare da mun tambayi wa ya gina ba. Kailasa da ke Ellora, na ƙarni na 8, ba a ɗora dutse kan dutse ba: tsauni aka sassaƙa daga sama zuwa ƙasa. Mabiya addinin Jain sun gina Vimal Vasahi a tsaunin Abu a 1031 da farin marmara, sannan Ranakpur a ƙarni na 15, mai ginshiƙai 1,444 a ƙidayar da aka gada. Za ka ce dutse ba ya neman kowa. Amma Ranakpur ya taɓa zama kango, kuma da aka tashi gyara shi a ƙarni na 20, zuriyar magina ta Sompura aka kira, waɗanda suka riƙe sana'ar uba da kaka.

Mu ma muna da irinsu. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma sarautar Sarkin Magina ba don ado aka yi ta ba. Ciwon da nake ji shi ne yaron da ya iya ɗora bulo yana samun aiki ko'ina, wanda ya iya kwaɓa laka kuwa ana yi masa kallon ɗan ƙauye. Ginin laka ba ya jure jira irin na marmara. Damina kaɗan babu yaɓe, ya zube.

Irin masallacin Larabanga saura 'yan kaɗan a Ghana: Nakore, Maluwe, Banda Nkwanta. Akwai kuma na Wuriyanga kusa da Garu, ta wajen Bawku, wanda nake son in kai gare shi kafin ruwa ya sauka.