Lokacin da Taɓon Neja Delta Ke Ciyar da Mutanensa

Kogin Kwara yakan baro tsaunukan ƙasar Gini, ya ratsa Mali da Nijar, ya wuce ta Yawuri da Jebba, ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, sannan ya gangara kudu. Kafin ya faɗa Tekun Atlantika sai ya rarrabu rassa-rassa, ya sauke lakar da ya kwaso a hanya. A kan wannan laka, inda ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri, kurmin mangurof mafi girma a Afirka ya tsiro. Ijaw suna kiran itacen angala. Yau in aka ambaci yankin Neja Delta, man fetur ne ke fara faɗo wa mutum a rai. Amma ɗaruruwan shekaru kafin a haƙa rijiyar farko, wannan kurmi ne ke ci da Ijaw da Itsekiri da Andoni da Ogonin bakin ruwa.

Ba kowane itace ke iya zama inda angala ke zaune ba. Sau biyu tsakanin dare da yini teku kan ciko ta shanye gindinsa, sau biyu ta janye ta bar baƙin taɓon da iska ba ta ratsa shi. Jan angala, wanda ya fi yawa a yankin, yakan fito da saiwoyi daga kututture da rassa, su lanƙwaso su kafe cikin taɓo su riƙe shi. A jikin saiwoyin akwai 'yan ƙananan ƙofofi da yake shaƙar iska da su in ruwa ya ja, kuma saiwar ce ke tace yawancin gishirin kafin ruwa ya hau sama. Farin angala kuwa dabararsa daban: saiwoyinsa na ƙarƙashin ƙasa sukan turo tsinkaye sama don numfashi, gishirin da ya sha kuma ta ganye yake fitar da shi. Ɗan jan angala tun yana maƙale a reshe yake tsirowa. In ya yi tsawo ya yi nauyi sai ya faɗo, ko dai ya soke cikin taɓo nan take, ko ruwa ya yi gaba da shi har ya sami wurin kafuwa.

Daga ganyen da ke zuba arzikin ke farawa. Ƙaguwa ta ja shi rami, ragowar ta ruɓe, ƙananan halittu su ci, jatan lande da 'ya'yan kifi su ci su. Tsakanin saiwoyin nan masu sarƙaƙiya babban kifi ba ya iya kutsawa, don haka nan ƙanana ke fakewa har su yi ƙarfi su fita. Da yawa daga kifin da masunci ke kamowa can cikin teku, a gindin angala ya girma. Saiwoyin kuma su ke riƙe laka, su karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta isa gari.

A da, rayuwar ƙauyukan nan da cikowar ruwa da janyewarsa take tafiya. Da ruwa ya ja, mata sukan shiga kwalekwale su nufi filayen taɓo, su tsinci 'yan ƙananan dodon-koɗi, su kankare kawa daga jikin saiwoyi, su kamo ƙaguwa. Wannan sana'a ba ta bukatar jari. Bazawara da marainiya duk suna iya shiga su fito da abin miya da na kai wa kasuwa, kuma ɓawon ma ba a zubarwa: da shi ake cike hanya, daga baya har kwaɓa shi ake da siminti a maimakon tsakuwa. Maza suna jefa taru su kamo kifin bonga, a yi bandarsa da icen angala, mai daɗewa yana ci da wuta. Ɓawon itacen kuwa da shi ake rina taru don kada ya ruɓe da wuri. Har gishiri ake samu a kurmin: a ƙona saiwoyi, a tace tokar da ruwa, a dafa har ya ƙafe.

Masanin tarihi Ebiegberi Joe Alagoa, ɗan Nembe, ya nuna cewa tun kafin zuwan Turawa mutanen ruwan gishiri suna kai busasshen kifi da gishiri cikin ƙasa, su musanyo doya da sauran amfanin gona, tunda taɓonsu ba ya nomuwa. A kan irin wannan fatauci garuruwa kamar Bonny da Nembe da Okrika da Elem Kalabari suka fara tsayawa da ƙafafunsu.

Kurmin kuma ba sake yake ba. Kowane mashigin ruwa da masu shi. Akwai tabkuna da kurame da al'ada ta haramta taɓawa, akwai ruwan da ba a shiga sai lokacinsa ya yi. Wanda ya san ruwan Matan Fada a Argungu, inda ake hana kamun kifi har ranar biki, ya san hikimar abin: ruwan da aka bar shi ya huta shi ke cika taru.

Ɓarna ta farko da kyakkyawar niyya ta shigo. A 1906 Turawan mulkin mallaka suka kawo kwakwar nipa daga Singafo suka dasa a Kalaba, don ta tare zaizayar gaɓa. 'Ya'yanta suna yawo a kan ruwa, duk inda aka sare angala sai ta riga shi kafuwa. Ba ta da saiwoyin da kawa za ta maƙale, ba ta zubar da ganye yadda angala ke yi, ba ta ba da icen banda. Yau ta mamaye gaɓoɓi masu yawa daga Kuros Riba zuwa Akwa Ibom da Ribas.

Sai kuma man fetur. An same shi a Oloibiri a 1956, aka fara fitar da shi waje a 1958. Don a kai injuna da bututu, aka sare layuka cikin kurmi, aka yashe sababbin hanyoyin ruwa. Ƙasar da aka kwaso aka jibge a gefe, da ta sha iska sai ta yi tsami, ta kashe abin da ke kusa. Ruwan gishiri ya bi hanyoyin ya shiga dazuzzukan ruwan daɗi. Daga arewa ma an rage wa kurmin abincinsa: madatsar Kainji da aka kammala a 1968, da na Jebba da Shiroro da suka biyo baya, suna tare wani kaso na lakar da a da ke isa bakin teku.

Ɗanyen mai kuwa shi ne babban makashin angala. Ruwa ya ciko da shi, ya janye ya bar shi shafe a jikin saiwoyi, ya toshe ƙofofin numfashi, itace ya shaƙe yana tsaye. Ya kuma nutse cikin taɓon da babu iskar da za ta taimaka ya ruɓe, ya zauna shekara da shekaru. Irin wannan ne ɗan fafutukar Ogoni Ken Saro-Wiwa ya yi ta kuka a kai har aka rataye shi tare da mutum takwas a Fatakwal ranar 10 ga Nuwamba, 1995. A 2008 bututun Shell ya fashe sau biyu a Bodo, cikin ƙaramar hukumar Gokana ta ƙasar Ogoni, mai ya yi makonni yana malala. A 2015 kamfanin ya amince ya biya diyyar fam miliyan 55. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce farfaɗo da ƙasar Ogoni zai iya ɗaukar shekara 25 zuwa 30.

Gaskiya ba ta cika sai an faɗi sauran. Matasan da suka rasa kifi, wasunsu sun koma fasa bututu da dafa mai cikin daji, abin da ake kira kpofire, suna zubar da dagwalon a ruwan da iyayensu mata ke tsintar abinci. Birane irin su Fatakwal da Warri suna cike fadamu suna gini, ana kuma saran ice fiye da yadda yake tsirowa.

A 2016 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin tsaftace Ogoni a Bodo, kuma an dasa angala da yawa a wuraren da aka wanke. Abin a yaba ne. Amma dashe ba ya kamawa in taɓon na da guba, ko in an toshe hanyar da ruwa ke shiga da fita, kuma ba ya ɗorewa in mutanen wurin ba su da ta cewa. Wanda ya kawo nipa, da wanda ya yashe hanya, da wanda ya bar bututu ya tsufa, duk sun ɗauki taɓon nan a matsayin wofin fili. Kakannin masuntan sun san gona ce, shi ya sa suka yi mata doka. Mu da muka ga abin da hamada ke yi wa gonakin Yobe da Sakkwato, mun san zafin ganin ƙasar gado tana mutuwa. Hakkin mutanen Bodo da maƙwabtansu ne a wanke musu ruwansu har ƙarshe, a kuma mayar musu da ikon kula da kurminsu.