Zangon Damagaram da Hanyar Malamin Gona

Duk baƙon da ya sauka Damagaram, Birni ake fara kai shi. A nuna masa fadar Sarki, da manyan duwatsun da gidaje suka raɓa, da ɗan abin da ya rage na ganuwar da Sarki Tanimun ya kewaye garin da ita a tsakiyar ƙarni na 19. Sai in rana ta yi saura ne ake ratsawa da shi arewa, zuwa Zango, ya ga tsofaffin gidajen attajirai masu zanko da zane a fuskar zaure. Alhali kuwa, in Birni ne mazaunin sarauta, Zango ne ƙofar da garin ya daɗe yana karɓar baƙinsa ta cikinta.

Sunan ma ya faɗi aikin unguwar. A nan ayarin Azbinawa ke sauke raƙuma a bayan ganuwa, da gishirin Bilma da na Fashi, da dabino, da hajar Tarabulus. A nan babban attajiri Malam Yaro ya yi gidansa, a zamanin da Faransawa suka ci garin a 1899. Masu ba da tarihi sun fi son ambaton gashin jimina da jemammun fatun da ake kaiwa arewa, amma abin da ya fi cika taikunan raƙuma in za su juya shi ne hatsi. Da geron talakan Damagaram da na Damargu ake sayen gishiri. Watau tun asali arzikin Zango daga gona yake tasowa, ko da yake manomin kansa ba ya wuce bakin zaure.

Ayarin raƙuma ya ja baya, sai wani ayarin ya maye gurbinsa, wanda ba a cika ba da labarinsa ba. A shekarun 1970 da 1980, da zarar watan Oktoba ya kama, lokacin da ake ɗaure dammunan hatsi a karkara, sai ka ga yara ƴan shekara goma sha uku ko sha huɗu suna sauka daga motocin kasuwa, kowa da akwatin ƙarfe da tabarma da ƙullin gero. Daga Dogo, daga Durum, daga Tirmini, daga Gafati suke. Sun ci jarrabawar shiga koleji, garinsu kuma babu koleji. Waɗanda suka fi su girma, ƴan Magarya da Matamai da Tanut, lise Amadu Kuran Daga suka nufa. Wanda ba shi da gado a makarantar kwana, dole ya nemi mai masauki, kuma sau da yawa a Zango ake samunsa: wani ɗan garinsu da ya zauna birni, ko ɗan kasuwar da uban yaron ke sayar wa gyaɗa. Daga cikin irin waɗannan yara ne jahar ta samu mafi yawan malamanta na gona.

Ya kamata a tsaya a dubi abin da irin wannan yaro ya riga ya sani ranar da ya sauka, domin ba a taɓa rubuta shi a takardar shaidarsa ba. Tun yana ɗan shekara shida yake bin ubansa gandu ranar shuka: uba na gaba yana sara da sungumi, shi yana baya yana jefa iri yana rufewa da diddige. Ya san bambancin jigawa, wadda ke karɓar ruwa kaɗan ta ba da hatsi, da ƙasa mai tauri wadda sai ruwa ya yi yawa take amsawa, da fadama inda ake rake da rogo. Ya san binne, shukar da ake yi a busasshiyar ƙasa ana jiran ruwan farko, ya kuma ga shekarar da aka yi binne sau uku iri ya ƙare. Ya san dalilin da ya sa ake tsarma wake a tsakanin hatsi, a sa yakuwa a kan iyaka. Ya san ƙuduji tun kafin ya yi furensa mai kyan gani, ya san cewa gonar da ya yi yawa a cikinta ta gaji. Ya ga yadda ake shiri da Bafillace ya kwana da garkensa a gona da rani, a biya shi da dami. Ya san dami nawa gidansu ke ci a wata, saboda haka in ya ɗaga kai ya dubi rumbu a watan bakwai na shekara, ba ya bukatar a gaya masa ko uwarsa za ta fara haɗa fura da tafasa. Wannan ilimi ne cikakke, mai ƙa'idoji da hujjoji, sai dai da Hausa aka koya masa shi, a tsaye, cikin rana.

Zaman Zango shi ke fara raba shi da wannan ilimi. A zaure yake kwana tare da almajirai da baƙin kasuwa. Damagaram gari ne mai ƙishirwa tun fil azal, har ma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar sa'ad da aka ɗauke babban birnin ƙasa daga nan aka mai da shi Yamai a 1926. Don haka aikin farko na yaron gidan wani shi ne neman ruwa kafin gari ya waye. Da dare ya yi bitar darasi a gindin fitilar titi. Ɗan kuɗin tallafin da gwamnati ke ba ƴan koleji, in ya fito, rabi na mai masauki ne. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ciwo shi ne abin da yake ji a aji da waje: ƴan birni su kira shi baƙauye, mushe kuma in zai tsorata malalaci sai ya ce masa zai koma riƙon hauya. A makarantu da yawa ma, ban ruwan lambun lakwal horo ne ga wanda ya yi laifi. Yaron da ya shekara huɗu yana jin haka, ba abin mamaki ba ne in ya je hutun damana ya fara jin nauyin a gan shi da sungumi.

Bayan jarrabawar ƙarshen koleji hanya ke rabuwa. Masu maki da gata su wuce lise, wasu su shiga makarantar horon malamai ta Askiya Muhammadu da ke nan garin, wasu aikin likita. Wanda ya ci gasar shiga aikin gona kuwa, tafiya ce ta kusan kilomita 900 zuwa Yamai, sannan ya gangara Kollo a bakin kogin Isa, inda makarantar IPDR take. A gaskiya kaɗan ne suka zaɓe ta don so. Da yawa sun tafi ne domin a wancan zamani duk wanda ya fito aiki na jiransa. A can ɗan Damagaram ke fara ganin shinkafa a cikin fadamun da aka gyara da injin ban ruwa, ya koyi Zabarmanci a kasuwa, ya kuma sake haɗuwa da tsirran garinsu sanye da sunayen Latin. A koya masa awon fili, da karanta ma'aunin ruwan sama, da lissafin taki, da irin da cibiyar bincike ta Tarna kusa da Maraɗi ta tace, kamar HKP da CIVT, waɗanda hukumar INRAN, da aka kafa a 1975, ta riƙa yaɗawa. Ilimi ne na gaske, kada a raina shi. Illarsa ɗaya: ba a taɓa tambayar ɗalibin abin da ubansa ke yi, balle dalilinsa.

Waɗanda suka dawo gida a ƙarshen shekarun 1970 sun tarar da babban shirin nan da ake kira 3M, na gundumomin Mirya, Magarya da Matamai. An buɗe cibiyoyin horo inda ake kawo manomi matashi da matarsa su yi damana guda suna koyo, in sun gama a sallame su da shanun huɗa da garma da amalanke, duk bisa bashi. Malamin gona shi ne mai koyarwa a wurin, darasin kuma a rubuce yake daga sama: a wanke iri da magani, a yi shuka a layi, mita guda tsakanin rami da rami, watau rami 10.000 a hekta, a rage tsiro a bar uku, a zuba takin zamani, kada a haɗa hatsi da wake, a tumɓuke kututture domin garma ta wuce. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyu, da babur da littafi, yana gaya wa sa'o'in ubansa haka. Su kuwa dattawa ba sa musu da ma'aikacin gwamnati. Sai su ce: "To, Malam, mun ji, Allah ya yi albarka." In ya juya su ware masa ƴar kusurwa a bakin hanya su yi yadda ya ce, sauran gonar su yi yadda suka gada.

Ba taurin kai ba ne, lissafi ne. Takin zamani a shekarar da ruwa ya yanke ƙona shuka yake yi, bashi kuma ba ya jiran damana mai kyau. Gyaɗa, wadda ita ce ke kawo kuɗin biyan bashin, cutar da kwarkwatar tsiro ke yaɗawa ta hallaka ta a 1975, ba ta sake komawa yadda take ba. A watan Nuwamba na 1982, a nan Damagaram, aka yi babban taron ƙasa a kan hanyoyin aiki a karkara, inda magabata da kansu suka amsa cewa manyan shirye-shiryen nan sun ci kuɗi, kuma an yi su ba tare da shawarar manomi ba. Sai fari na 1984 ya zo ya rufe zancen. Asusun bashin noma ya durƙushe, cibiyoyin horo suka zama kango, gwamnatin Seyni Kunce ta juya ga noman rani, aka tura malaman gona fadamun Korama da tafkin Gidimuni su koyar da kabeji da dankalin turawa. Daga baya, da tsarin tsuke bakin aljihu ya zo, ɗaukar ma'aikata kai tsaye ya tsaya. Babur ya lalace, babu mai.

A cikin waɗannan shekaru na rashi ne abu mafi girma ya faru a gonakin jahar, kuma ba daga littafin Kollo ya fito ba. Gawo itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa: da damana yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tare wa hatsi rana, da rani ya yi kore, dabbobi su taru a inuwarsa su ci ƴaƴansa su bar taki, saiwarsa kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi. Kowane yaron ƙauye ya ga yadda zangarniya ke fin tsawo a gindinsa. Mutanen Damagaram har yau suna ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimun ya ɗora wa mai saran gawo. Amma dokar daji ta 1974 ta sa irin waɗannan itatuwa a hannun hukuma, har manomi ya ga cewa tsiron da ya bari a gonarsa tara zai jawo masa ranar da ya sare reshe. Gara ya kashe shi tun yana ƙarami. Da hannun hukuma ya yi sako-sako bayan 1984, jama'a ta yi yawa, saura ta ƙare, taki ya yi tsada, sai manoman Magarya da Matamai da Mirya suka koma barin tsiron gawo a lokacin sassabe, suna zaɓen reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi suna aske sauran. Shi ne ake kira sassaben zamani, wanda a jahar Maraɗi Tony Rinaudo ya yi ta yaɗawa tun 1983. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka yi a 2006 ya kiyasta cewa a gundumomin nan uku abin ya kai wajen hekta miliyan guda. Doka ta biyo baya a hankali: kundin karkara a 1993, sabuwar dokar daji a 2004.

Malaman gonar da suka yi amfani a wannan zamani su ne waɗanda suka tuna da abin da suka zo da shi Zango a cikin kai. Wanda aka koya wa tumɓuke kututture ya koma yana nuna yadda ake raya shi, yana kuma shiga tsakani in ma'aikacin gandun daji ya zo da takardar tara. Wasu ba su iya wannan juyi ba, suka ƙare aikinsu a ofis suna cika rahoton ruwan sama.

Yau hanyar ta sauya. An buɗe koleji a manyan ƙauyuka da yawa, yaro ba ya barin gida da wuri kamar da, Damagaram kuma ta samu jami'arta tun 2010. Mai son aikin gona yana iya bin Kollo, ko tsangayar aikin gona ta jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, sai dai takardar ba ta ba shi tabbacin aiki. Yawanci ƙungiyoyi masu zaman kansu ke ɗaukarsa, shekara biyu ko uku, in kuɗin shirin ya ƙare ya koma nema. Darasin ma ya sauko daga allo. A makarantar gona ta manoma, mutum ashirin ko fiye ne ke haɗuwa a fili guda duk mako, a raba shi biyu, a gwada, a ƙirga. A nan malami ke da abin da dattijo bai sani ba: ɗan ƙwaron da ake saki daga ƙananan buhuna ya kashe tsutsar da ke cin zangarniyar hatsi, da buhun PICS mai ruɓi uku da ke adana wake ba tare da magani ba, da ɗan takin da ake ɗiba da yatsu uku a sa a rami maimakon a watsa buhu guda.

Tambayar da ba shi da amsarta ita ce ta fili. A kudancin jahar, gandun da kaka ya noma shi kaɗai an raba shi ga jikoki goma, rabon wani bai kai eka guda ba. Samarin da ya kamata su zauna a gaban malamin gona suna Kano, ko Agadas, ko Libiya, wasu kuma suna nan cikin Zango suna tura kurar ruwa. Ranar Alhamis, in kasuwar Dole ta cika, a cikinsu ne ake samun masu sauke buhunan hatsin Damargu daga manyan motoci, ana biyansu a kan kowane buhu.